Goggo Mai Ɗora Zare

Duk wanda ya taɓa bin layin bayan kasuwa da sassafe ya san Goggo Mai Keke, in bai san fuskarta ba ya san tafiyarta. Gajeriya ce mai sauri, kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu tudu, don shekarun da ta yi tana tura keken saƙa sun ci gefe guda sun bar guda. Gida-gida take shiga, ta fito daga wannan ta faɗa wancan. Ba talla take ba, ba kuma gulma take kaiwa ba, ko da yake in ta tsinta a hanya ba ta bari ta lalace. Zare take ɗora wa mutane.

Wanda bai san keken saƙa ba zai ce wannan ma aiki ne? Aiki ne kuwa. Keken dogon ƙarfe ne da ake ɗaure shi a bakin tebur, allurai jere a kansa kamar haƙoran kifi, da wani kai mai mariƙi da ake turawa dama da hagu. Turawar ba komai ba ce, ko akuya aka ba hannu za ta tura. Wuyar tana farko. Sai an jawo allurai waje, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana naɗa musu zare, sannan a rataya wani ƙarfe mai kama da mataji da ƙarafan nauyi su ja saƙar ƙasa, a lallaɓa layin farko ya wuce. In ka matse, kan keken ya cije. In ka saki, zare ya zube. Wuya ta biyu kuma ita ce in zare ya zame daga allura ana tsakiyar aiki, ya yi ta warwarewa ƙasa kamar tsani, sai an bi shi da ƙugiya an hau da shi. Waɗannan biyun, duk matan da Goggo ta koya wa saƙa babu wadda ta taɓa yin su da hannunta.

Ba rowa ba ce. Wanda ya ce Goggo marowaciya ce bai taɓa shiga ɗakinta da yunwa ba. Abin yana da tushe.

Tana yarinya aka kai ta shagon wata mata mai saƙa rigunan sanyi na 'yan makaranta. Matar nan, in ta mutu Allah ya jiƙanta, in tana raye Allah ya shirye ta. Shekara da shekaru Goggo ba ta san komai a shagon ba sai naɗin zare da shara. In ta ce, "Uwar ɗakina, yaya ake wannan?" sai a ce mata, "Ido gare ki ko ƙwai? Kalla mana." Ranar da ta yi ƙarfin hali ta tura keken, allura ɗaya ta lanƙwashe. Allura ɗaya tak. Matar ta kama hannunta ta shimfiɗa a kan tebur ta yi ta bugunsa da katakon awo, sauran yara suna kallo, har yau babban yatsanta bai miƙe ba. Da satar ido ta iya saƙa, in uwar shago ta fita cin abinci ta ɗan taɓa. Ranar da ta bar shagon ta yi wa kanta alkawari: in dai ita ce, babu 'yar da za ta yi kuka a gaban keke.

Ta auri wani mai gyaran agogo, mutum mai shiru, wanda in ya yi magana uku a yini an ce yau yana da surutu. Shi ya samo mata tsohon keke a wurin 'yan gwangwan, ya zauna da ɗan madubinsa a ido ya wanke shi allura-allura har ya tashi. Allah bai ba su haihuwa ba. Da matar ƙaninta ta rasu ta bar 'yar ƙarama, Goggo aka miƙa wa, ta goya ta tana saƙa, har yarinyar ta saba ba ta barci sai da ƙarar keke. Ita ce Auta. Mai agogo ya riga ta gidan gaskiya, ya bar mata ɗaki biyu da taga mai haske, ita kuma ta ci gaba da saƙa hula da safa da rigunan jarirai. Yaran da suka sa hularta a zanin goyo, yanzu wasu da gemu suke gaishe ta.

Masu son koyo kuwa ba su da inda za su sai wurinta. Cibiyar koyar da sana'a da ke can ƙetaren titi ɗinki suke koyarwa da haɗa sabulu, keken saƙarsu guda yana saman kabad an lulluɓe shi kamar mara lafiya, malamar ma ba ta san gabansa da bayansa ba. Littafin da ke zuwa cikin kwalin keken da wani yare aka rubuta shi, malamin makarantar layin ya juya shi sama ya juya shi ƙasa ya ce a kai kasuwa a naɗe gyaɗa. Masu waya sun gwada kallon hoton masu koyarwa, amma hannun mutanen ciki kamar ana korar su, kafin ka gane me aka yi an gama hannun riga. Sai mata suka yi ta zuwa ɗakin Goggo: matar mahauci, matar direba, ƙanwar mai shayi, har da wata nas mai ritaya. Goggo ba ta taɓa korar kowa ba.

Kafin ɗaliba ta zauna, Goggo ta riga ta ɗora zare ta wuce layin farko. "Zauna ki tura, 'yar nan, mai wuyar na gama." In zare ya zame, kafin ɗaliba ta buɗe baki ƙugiya tana hannun Goggo. "Kawo nan, kada ki wahala." Suka iya rage wuya, suka iya haɗa kala, suka iya ado iri-iri, kowace ta sayi kekenta ta kafa a gida. Washegari sai aike: a ce wa Goggo ta zo ta ɗora mini. Haka zagayen safe ya samo asali. Tana tafe tana mita, "Ni kam waɗannan mata za su kashe ni," amma ranar da babu wadda ta aiko, sai ka gan ta a bakin ƙofa tana tambayar ko lafiya layin ya yi shiru.

Auta ta girma ta auri wani ma'aikacin hukumar ruwa, da Goggo ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Mai Famfo. Gidansu na ƙarshen layi, da shi take rufe zagayenta, don ta zauna ta ɗauki ɗansu, wani jariri mai kumatu da ta sa wa Dunƙule. Wata safiya ta tarar da kwalaye a tsakar gida. An yi wa Mai Famfo canjin wurin aiki zuwa wata madatsar ruwa mai nisa, wuri ne na gidajen ma'aikata 'yan kaɗan a bakin ruwa, babu kasuwa, waya ma sai an hau tudu. Ranar Asabar motar kaya za ta zo.

Mai Famfo ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗan sosa ƙeya. "Goggo, dama ina so ki sa baki. Motar da suka ba mu ƙarama ce. Na auna na sake aunawa, ko kabad ya shiga, ko keken nan da teburinsa. Ni na ce a bar keken."

"A bar me?"

"Keken, Goggo."

"Kai ka san abin da kake faɗa kuwa, Mai Famfo? Kana fita tun safe, ka bar mini yarinya a dokar daji da jariri, ta yi hira da wa? Da kabad?"

"Ai ba ƙin sa nake ba. Amma wa zai ɗora mata a can?"

Goggo ta yi dariya har da tafa hannu. "Ji mini mutum! Auta da take saƙa tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba? Ke Auta, zo ki nuna wa mijin nan naki, ya daina zubar da mutuncinsa a gaban mata."

Auta ta zauna a gaban keken. Ta jawo allurai, wasu suka fito wasu suka noƙe. Ta kama bakin zare ta tsaya tana kallonsa kamar yau aka haɗa su. Ta naɗa a allurar farko, ta naɗa a ta biyu ta baya, zaren ya sulɓe. Ba ta kai ta huɗu ba Goggo ta ce, "Kawo nan," kuma kafin ƙiftawar ido zare ya hau, mataji ya rataya, layin farko ya wuce sumul. Ta juyo tana murmushi. Babu wanda ya taya ta. Auta ta sunkuyar da kai, Mai Famfo yana kallon takalminsa.

"Kin gani ko, Goggo," ya ce a hankali. "In za ki bi mu, sai in bar kabad ɗin har da katifa."

Auta ta raka ta bakin ƙofa. A nan ta riƙe mata gefen mayafi kamar lokacin da take ƙarama. "Goggo, in babu keken nan ban san me zan yi da yini ba. Ni ban iya zama shiru ba, kin sani. Ƙararsa kaɗai ma ta ishe ni mutane."

Daga nan Goggo ba ta wuce gida ba, rumfar ƙawarta mai kitso ta faɗa, ta zayyana mata rashin kunyar Mai Famfo. Mai kitso tana raba gashin wata yarinya da tsinke, ba ta ko ɗago ba.

"Mai Famfo bai yi ƙarya ba. Ke ce kika haifi 'ya'ya cike da layi kika hana su yaye."

"Ni? Ni da ban taɓa karɓar ko sisin wata ba?"

"Wa ya ce kin karɓa? Kin koya musu tuƙi, makulli yana ƙugunki. Ranar da kika kwanta ciwon baya, keke nawa ya yi ƙara a layin nan? Sai ka ce an yi rasuwa."

"Don kada su wahala ne."

"To ga shi ba su wahala ba. Juya kanki, 'yar nan, ba da ke nake ba."

Goggo ta tashi ba sallama, ta ce mai kitso tun tana budurwa bakinta ya fi hannunta aiki. Amma da la'asar sai ga ta a gidan Auta, ta ce a zare duk abin da ke kan keken, yau za a koyi ɗori.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Da farko ta zauna a kan hannuwanta. Auta tana naɗa zare a karkace, hannun dama ya zame daga ƙarƙashin cinya ya kai cafka, ita kanta Goggo sai da ta gan shi a kan allura ta san ya tafi. Washegari ta ce za ta tsaya a waje ta taga. Aka yi haka. Ba a jima ba hannu ya shigo ta tsakanin ƙarafan taga har kafaɗa, yana laluben zare, Auta ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta ƙare hawayen suka saura.

Abin da ya fi ba Goggo tsoro shi ne bakinta. Matar da in ta fara magana kasuwa ke tsayawa, sai ga shi a gaban keke ba ta da kalma.

"Ki yi haka."

"Yaya, Goggo?"

"Haka mana! Ki ɗan yi masa haka, sai ki yi haka."

Babu wanda ya taɓa faɗa mata da baki, ita ma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Sanin duk yana cikin yatsu, bai taɓa hawowa wuya ba. Ta koma gida tana kallon hannuwanta kamar ɓarayin da ta kama a ɗakinta.

Ranar Juma'a da hantsi gidan ya zama kango, an naɗe labule, an ɗaure tukwane. Keken kaɗai ya rage a bakin tebur, kabad yana tsaye a gefe, su biyu kamar masu jiran hukunci. Dunƙule yana haƙori, tun asuba yake tsala ihu, ya ƙi nono ya ƙi goyo. Auta ta yi jijjiga har ta gaji, sai ta dube shi ta dubi Goggo.

"Riƙe mini angon naki, Goggo, ko ke zai ji kunyarki."

"Kawo shi. Kai, rufe mana baki, mijin banza, ko cefane ba ka bayarwa sai tsawa."

Ta zauna a kan wani kwali, ta kwantar da shi a ƙirjinta, hannu ɗaya a ƙarƙashinsa ɗaya a bayansa. Ya yi ajiyar zuciya biyu, ya cusa fuska a wuyanta, barci ya kwashe shi. Ta gwada zare hannu guda, ya motsa ya ɓata fuska zai ɓarke. Ta mayar da sauri.

Auta ta ja kujera ta zauna a gaban keken. Gefen bakinta ya nuna ta san abin da ta yi.

"'Yar banza," Goggo ta ce da raɗa. "Haɗa baki kuka yi."

Auta ta jawo allurai ta fara naɗi. Goggo tana ganin zaren yana matsewa, yatsunta suna motsi a bayan jariri kamar masu ƙaiƙayi. Ba hannu, ba kuma damar ɗaga murya. Ta rufe ido ta bi yatsun nata a zuci, ta tambaye su me suke yi in sun je wurin.

"Kin shaƙe shi," ta ce can ƙasa. "Yadda kike ɗaura wa wannan zani, haka za ki yi. In kin matse ya yi kuka, in kin saki ya faɗo. Bi ta ƙarƙashin allura, ki zagayo ta sama. Sa babban yatsanki ki danne na baya kafin ki tafi na gaba, kada ki bar shi shi kaɗai."

"Haka?"

"Tura shi can baya, ya wuce ɗan harshen allurar. Kin ga harshen? Wancan mai buɗewa da rufewa kamar bakin mai kitso."

Auta ta ƙunshe dariya. Ta bi allurai har ƙarshe, naɗin wani ya yi ciki wani ya rame, amma ya hau. Ta kama mariƙi ta tura. Kan keken ya tafi rabi ya cije. Maimakon ta tsaya, sai tsoro ya sa ta danna da ƙarfi. Ƙas! Allura ta lanƙwashe, ta tsaya cirko-cirko a tsakiyar 'yan uwanta.

 Auta ta janye hannuwanta ta ɓoye su a cinya, idanunta suka kawo ruwa. Wannan ƙarar ita Goggo ta yi rayuwarta tana tarewa kada kunnen wata 'ya ya ji ta, ga shi ta fito a hannun wadda ta goya. Ta ji kamar ta ajiye yaron a ƙasa ta tashi. Dunƙule ya ƙara lafewa, numfashinsa da ɗumi a wuyanta. Ta ci gaba da zamanta. Ta bar Auta ta yi kukanta, ba ta ce kawo nan ba.

Da kukan ya lafa ta ce, "Kin gama? To allura ce, ba ƙashin bayanki ba. Ni na karya wadda ta fi wannan kyau. Dubi gefen keken, akwai wani dogon ƙarfe mai soso da ya danne su. Tura shi da bayan ƙugiya ya fita ta wancan gefe."

"Ban taɓa sanin yana fita ba."

"Ina za ki sani, ina tsaye a kanki kamar katanga? Ciro gurguwar. Ɗauko ta can ƙarshe, wadda ba ta aikin komai, ki sa a gurbinta."

Aka sake daga farko. Wannan karon da kan keken ya yi nauyi Auta ta tsaya da kanta, ta leƙa, ta sassauta zare, ta lallaɓa shi. Ya wuce. Ta dawo da shi, ya wuce. Ƙarar nan da gidan ya saba da ita ta tashi, saƙa ta fara saukowa ƙasan tebur. Da ta kai kamar tafin hannu, Goggo ta ce, "Yanzu zame zare ɗaya da gangan, ki bar shi ya gudu." Auta ta zaro ido. "Zame shi na ce. Gara ya gudu ina nan." Ta zame shi, ya warware ƙasa. Ta bi shi da ƙugiya, ya kuɓuce, ta sake kamowa, harshenta a waje kamar mai koyon rubutu, har ta hau da shi ta mayar wa allurarsa. Wurin ya yi tabo, ko makaho ya shafa zai ji. Goggo ta dube shi, yatsunta suka motsa, ta danne su.

"Ya yi," ta ce.

Da azahar Mai Famfo ya shigo da igiyar ɗaurin kaya a kafaɗa. Auta ba ta yi masa bayani ba. Ta zare saƙar gaba ɗaya daga keken, ta jawo allurai, ta ɗora sabon zare yana tsaye, ta tura layi ya wuce. Ya dubi matarsa, ya dubi Goggo da ke kan kwali, hannunta ya sage, gaban zaninta ya jiƙe sharkaf da aikin Dunƙule.

"Goggo, ina za mu kai kabad?"

"Ka kai ɗakina, ya tare mini rabin taga, in riƙa tunawa da kai ina tsaki."

Ranar Asabar keken ya shiga mota, an naɗe shi da bargo, Auta ta hana a ɗora komai a kansa. Goggo ta tsaya a bakin layi har motar ta sha kwana. Ba ta yi kuka a titi ba, ta ce ƙurar mota ce, wanda ya ga dama ya yarda.

Tana juyowa matar mahauci ta leƙo ta saman katanga. "Goggo, dama ke nake jira! Tun jiya zare ya zube mini, rigar mutane ce kuma."

Goggo ta shiga. Keken yana nan, kujera an ja mata ita kamar kullum. Ta wuce kujerar ta zauna a bakin gado, ta nuna 'yar matar mahauci da ke rarrafe a ƙasa.

"Miƙo mini wannan mai majinar. Ke kuma zauna."